Atishawar da Ta Aurar da Hajiya Hindatu

"...lafiya lau, ya gajiya, ya Khumra, ina saƙona?"

Da numfashi ɗaya Hajiya Hindatu ta haɗa su duka, tun Hatim bai gama cire takalmi ba. Jikanta ne, haifaffen Jidda, yana aiki a wani sito a Khumra, kuma mijinta ne na wasa tun yana zanen goyo. Ta aike shi kasuwar Balad da wani tsohon kaset na bidiyo, a juye mata shi a waya. A kaset ɗin nan kaɗai muryar marigayi mijinta Bawa ta rage a duniya. Hotuna kam akwai, amma hoto ba ya magana. Tun safe gabanta ke faɗuwa, don kaset ɗin ya sha zafi da danshin unguwarsu ta Nuzla a ƙasan akwati har ya gode Allah. Sai dai ko sama da ƙasa za su haɗe, ba za ta bari ja'irin nan ya gane ba.

"Haba uwargida! Miji ya dawo, ko ruwa babu, sai cigiyar wani ƙato?"

"Wane mijin? Kai da gemunka ya ƙi fitowa, ko shi ma takardar iƙama yake jira?"

"Wallah, mai shagon ya ce kaset ɗinki ya girmi babansa. Yana buɗewa wani gyare ya fito da sanda, yana tambayar hanyar Kano."

"Ƙarya fure take, ba ta 'ya'ya. Miƙo wayar."

"Sai kin faɗa min mene ne a ciki. Ba na shigo da kishiya gidana ido rufe."

Ta harare shi, amma ta gyara zama, don labarin nan ko a gadon asibiti aka tambaye ta sai ta tashi zaune.

"Zamanin da talabijin ke baƙi da fari, unguwa guda akwati ɗaya, aka ɗauko labari daga wani littafi za a yi wasansa. Labarin wata ƙasa ce da shugabanta, Mai Ƙasa, ya mallake komai. Zakara ba ya cara sai ya farka. Kowa takalminsa daidai ƙafar Mai Ƙasa, jariri da ƙato."

"To ai gidan nan ne! Rimot a ƙugunki yake kwana. Ko kyanwar maƙwabta sai ta nemi izini kafin ta wuce ƙofarki. Ke ce Mai Ƙasa, ke ce kafili mai riƙe da iƙamar kowa."

"Da ni ce, da tuni an tusa ƙeyarka. Ni cikin talakawa aka sa ni, layin baya. Aikina kawai in yi shiru."

"Shiru? Ke? Wanda ya ba ki aikin nan ya ba kura ajiyar nama."

"Bakinka ya sari ɗanyen kashi! Kai tsaye ake nunawa, ba a yankewa, ka yi kuskure duk gari ya gani. Aka shafe mana fuska da toka wai mu yi kama da wahalallu. Mai Ƙasa ya hau karaga yana karanta sabuwar doka: daga yau wanda ya yi atishawa ya ci amanar ƙasa, don tana katse masa jawabi. Tokar nan kuwa ta samu hanyar hancina."

"La ilaha! Kika saki?"

"Na saki wadda ta girgiza bangon fada, don kwali ne. Kuma bakina ya riga ni, na ce alhamdu lillahi. Wuri ya yi tsit. Mai Ƙasa ya saki baki, gashin bakinsa na roba ya karkace. Kakanka yana tsaye da mashi, dogari ne, ba a ba shi kalma ko ɗaya a wasan ba. Sai ji aka yi ya ce yarhamukillah."

Hatim ya faɗi kan darduma yana riƙe ciki. "Dogarin azzalumi! A gaban duk gari!"

"Tarbiyya ce, abin da ba ka sani ba. Dole sauran dogarai suka kama mu mu biyu, suka jefa mu kurkukun kwali, muka zauna har aka tashi. Nan ya tambayi gidanmu."

"Yanzu da atishawa kika samu miji? Ni shekara da shekaru ina ɗauko miki shawarma, ko kallo ban ishe ki ba."

"Tsohuwar zuma da ita ake magani. Yalla, wayar."

Sai dariyar ta ɗauke daga fuskarsa. Ya ciro wayar yana jujjuya ta a hannu.

"Hajiya, mai shagon ya yi iya yinsa. Danshi ya cinye kusan duka. Ɗan guntu ne ya tsira, ni ma ban duba ba."

Hajiya ta miƙa hannu kawai. Ya matso kusa da ita ya danna.

Yayyafi ne fari da baƙi, da ƙara kamar ana suya. Can sai ga karaga, ga wani mai gashin baki yana ɗaga yatsa. Daga baya aka ji wata irin atishawa, hoton ya yi tsalle. Wani siririn saurayi mai mashi ya waiwayo.

"Yarhamukillah."

Muryar ce, ba ta tsufa ba ko kaɗan. Hawaye ya zubo wa Hajiya Hindatu, ba ta ko ɓoye ba. A hankali ta amsa masa, "Yahdikumullah, Bawa." Daga nan yayyafin ya rufe komai.

Hatim ya share ido da gefen hannu, wai fanka ce ta hura masa ƙura.

"Halas, na sallama. Ba zan iya takara da wanda ya shiga kurkuku saboda hancinki ba."

"Da ma wa ya sa da kai? Ungo dabino, ladan aike. Maido min shi farko."

Ta ja majina, sai ga atishawa ta kufce mata. "Alhamdu lillahi."

"Yarhamukillah!" in ji Hatim da sauri.

Ta fashe da dariya, hawaye na bin kumatunta.

"Ka makara, yaro. An riga ka."