Gaiwa Ta Kori Mai Gida

Wani ne a wani ƙauye kusa da Gidan Rumji, irin mutanen nan da in aka ce kar a taɓa abu, a ranar hannunsu ke fara ƙaiƙayi.

Wata shekara aka hana haƙar laka a gulbi. 'Yan gandun daji suka ce gaiwa ta kusa ƙarewa, don in ruwa ya janye takan shige cikin laka ta yi barcinta har damina, masu tubali kuma sai su kwashe ta da lakar. Aka kafa allo, aka ɗauki masu gadi ana biyan su duk wata. Tubali kuwa ya yi tsadar da ba a magana.

Shi ko gogan naka, matarsa Laraba ta riga ta rantse ba za ta sake damina a bukka mai yoyo ba. Ko ɗaki, ko gidan ubanta. Da ya ji farashin tubali sai ya ja tsaki, ya ce shi ba zai sayi ƙasar Allah ba saboda kifi. Duk Juma'a in masu gadi sun tafi masallaci, sai ya kora amalanken jaki gulbi, ya yanko laka guda-guda. Don rowa da gaggawa ko kwaɓa ta bai yi ba, haka ya jera ta. Ɗaki ya tashi, Laraba ta tare, shi kuma ya ishi majalisa da cewa duk garin ba mai kai irin nasa.

Ruwan farko ya sauka, bango ya jiƙa. Laraba na shara sai ta ga bango na motsi. Can sai ga kan gaiwa ya leƙo daga saman gado, ga wani ta bayan ƙofa. Ta yi waje tana salati.

"Ke, mi na abin tsoro?" in ji shi. "Wa kika taɓa gani ya gina ɗaki ya zo mai da miya?"

Da wawan ya yi shiru, da ya sha romonsa lafiya. Amma ya ji ana cewa inda duk kifin nan yake, kuɗi na zuwa. Da ƙafarsa ya tafi buro, ofishin 'yan gandun daji, ya kirawo su su zo su biya shi.

Suka zo, suka zagaya, suka ɗauki hoto. Babbansu ya ce lalle gaiwar da ke bangon nan ta fi wadda ta rage a gulbi. Gogan naka har da gyara hula. Sai babban ya ƙara da cewa doka ɗaya ce: inda gaiwa ke zaune ba a hura wuta, ba a yaɓe, ba a kwana. Aka cire allo daga gulbi aka kafa a ƙofar ɗakinsa.

Ya ce to a ba shi gadin. Suka ce ɓarawon laka ba ya gadi, suka ba maƙwabcinsa Sanda. Sanda ya ɗauki kujerar mai gidan ya zauna da kulki, kullum da safe yana yayyafa wa bango ruwa. Mutane suka riƙa zuwa kallo har daga Cadakori. Masu ƙosai suka kafa kasko, 'yan kabu-kabu suka samu hanya. Kowa na ci da ɗakin ban da mai ɗakin. Laraba ta ɗaure kayanta ta yi gidan ubanta, shi kuma ya koma gindin gawo, ruwa na dukansa, ya rame ya zama kamar kara.

Da babban ya dawo duba kifi, ya gan shi a takure, ya tambaye shi ko yana da wani kuka.

"Guda ɗai na, ranka shi daɗe," in ji shi. "Ku sa ni cikin kifayen ga. Wallahi ni ma na kusa ƙarewa."