Ƙashin da Ya Narke a Shayi

Da na zo hutu Kura daga karatu a waje, na taho da abin da na shekara biyu ina tsarawa: wata 'yar farar roba mai ramuka kamar saƙar zuma, wadda inji ya buga. Ana dasa ta inda ƙashi ya gutsure, sabon ƙashi ya tsiro cikin ramukan. Ita kaɗai ce gare ni, da ita zan kare digirina, kuma malamina bai san na ɗauko ba.

A teburin mai shayi, gaban manoman tumatir, Kawu Sale mai ɗori ya jujjuya ta, ya ce, "Ɗan nan, anya jini zai ratsa wannan?"

Na ce, "Kawu, ga ilimi yau," na tsunduma ta cikin kofinsa don ya ga yadda shayi zai ratsa ta.

Na manta ni da hannuna na rubuta cewa ba ta jure zafi. Kawu ya ɗago ta da cokali, tana miƙewa kamar cingam. Na karɓe ta, ina hura ta ina salati. Me zan ce wa malam?

Har yau ko akuya ce ta karye a unguwarmu, sai a tsokane ni a ce, "A kira Dakta, amma a hana akuyar shan shayi."