Ranar Da Na Dafa Ƙwallon Golf Da Kanwa

Ba zan taɓa mantawa da wata Juma'a a Jidda ba, zamanin ina direban wani injiniya Bature, Mista Ros. Kafin nan dako nake yi a tashar jiragen ruwa, buhu a wuya tun safe har la'asar. Abin da ya fitar da ni daga sito bakina ne. Na gaya wa kafilina, wato ubangidan da ya tsaya mini a ƙasar, Ammu Salih mai kamfanin, cewa na san harkar Turawa ciki da waje tun daga Kano (iyakacina dai leƙen filinsu ta katanga). A unguwarmu Hindawiyya kuwa har kawo mini gwangwanin kayan Turawa ake yi in faɗi abin da ke ciki.

Ran Laraba Mista Ros ya ce ya gayyaci Ammu Salih ran Juma'a wasan golf, wannan da ake dukan 'yar farar ƙwallo da sanda. Da guntun Larabcinsa ya yi mini bayani cewa ƙwallon hawa-hawa ce wajen tauri: mai lamba ɗari ta ƙarti ce, mai casa'in tsaka-tsaki, mai tamanin ita ce mai laushi, ta dattawa. Ya ba ni jakar ƙwallaye ya ce in ware wa tsohon masu laushi guda shida. Ya tambaya ko na gane. Na ce halas, ai wannan ƙaramin aiki ne. A watan ne fa za a sabunta mini iƙama, takardar izinin zama, kuma sa hannun Ammu Salih ake jira.

Ashe lambar a jikin kwalayen take. Ni da ko bihim ban sani ba a boko, ina isa gida na yayyage kwalayen na zube ƙwallayen a tabarma, na hau latsawa kamar mai sayen tumatir. Na latsa da yatsa, na gwada da haƙori. Wallahi kowacce dutse.

Matata Sa'adiyya ta ce, "Abu Umar, ka koma ka tambayi mutumin nan mana."

Ni? In tambaya? Na ce mata harkar Turawa ce, ba ta mata ba. Ina cikin wannan cika baki na ga ta jefa kanwa a tukunyar wake, sai dabara ta faɗo mini. Abin da ke narka ganda, 'yar ƙwallo za ta gagare shi? Ran Alhamis da hantsi na karɓi tukunyar na ɗora guda shida, na zuba kanwa ba tausayi. Sa'adiyya ta zauna a bakin ƙofa, lokaci-lokaci ta miƙo mini ludayi.

Kuma fa sun yi laushi, har yatsa na shiga. Matsalar kawai sun koma ruwan ƙasa, sai na shafe su da farin da nake shafa wa takalman Mista Ros. Na dube su a rana na ce kai, Bature da kansa bai san wannan sirrin ba.

Filin yana bayan gari ta hanyar Abhur, rairayi ne zalla. Turawa kusan goma suna tsaye, ga Ammu Salih cikin farar jallabiya yana ta share gumi. Na ajiye masa ƙwallo da hannuna, har da cewa wannan zaɓi na musamman ne. Tsoho ya ɗaga sanda ya ce bismillah ya maka mata.

Ba ta tashi ba. "Faf" ta ce, farin gari ya turnuƙe gemunsa, ɓawon ya dare biyu, zaren roba ya dinga warwarowa yana motsi a ƙasa kamar taliya. Mista Ros ya ɗauka ya juya, ya kai hanci. Na ga fuskarsa ta canja, don ƙamshin wake ba ya ɓuya. Ya tambaye ni me na yi mata. Na ji nauyin buhu ya dawo wuyana tun ban koma sito ba. Na faɗi gaskiya da Larabci, wani ya fassara, Turawa suka riƙe ciki, ɗaya har ya zauna a rairayi. Kunya ta sa na rasa inda zan sa idona.

Ammu Salih shi kaɗai bai yi dariya ba. Ya kakkaɓe gemu ya ce, "Ya waladi, ɗana, gishiri fa, ka sa?"

Na ce ban sa ba, Allah ya ja da ranka.

Ya ce shi ya sa. Yalla, in kai shi gida.

A mota ya gaya mini cewa kwana uku yana neman hanyar tsere wa wannan wahalar rana bai samu ba, sai da Allah ya turo masa ni. Ya sa hannu a iƙama, amma har ya rasu "mai dafa ƙwallo" yake kirana, kuma a Hindawiyya ba wanda ya sake kawo mini gwangwani.

Tun daga ranar na koyi cewa "ban sani ba", na ga ashe ba ta kisa. Sa'adiyya ce dai ba ta yafe ba. Har yau in wake ya ƙi nuna, sai ta leƙo ta ce, "Abu Umar, zo ka duba mana, harkar Turawa ce."