Rasuwar Faifan Garmahona a Kan Kwano, Tsakanin Barkono da Kuɓewa

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kuma fushin da ban yi niyyar ɓoye wa kowa ba, ni Lawal Nababa, mai gyaran rediyo a Tungan Maje, nake sanar da 'yan'uwa da abokan arziki rasuwar faifan garmahona, wanda ya cika ranar Talatar da ta gabata a kan rufin gidanmu. Ya rasu yana da shekara sittin da 'yan kai. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Na tambayi limamin unguwarmu ko ya halatta a faɗi haka a kan abin da ba shi da rai. Ya ce duk abin da ya ƙona zuciyar mumini musiba ce, sannan ya yi murmushi. Fatawar na karɓa. Murmushin kuwa na riƙe shi a raina.

An haifi marigayin a Amurka. A cikinsa akwai busar wani baƙar fata mai sakisafon, algaitar nan ta turawa mai lanƙwasa, mai ganga da mai fiyano suna take masa baya. Kiɗan da ake ce wa jaz ke nan. Ba zan rubuta sunan mai busar ba. Waɗanda suka tsaya a ƙofar shagona suna dariya ba su cancanci su san shi ba, waɗanda suka cancanta kuma sun riga sun sani.

Na fara ganin marigayin a Kaduna, a hannun aminina Zacharias da na ɗauka tamkar yaya, mutumin Sheda, lokacin yana busa a wata ƙungiyar makaɗa ta otel, ni kuma ina koya wa kaina gyara da gawarwakin rediyon da mutane suka zubar. Garmahonsa ya lalace, na gyara, ya biya ni da zama. Mai busar ya mutu da ƙuruciyarsa tun kafin mu ji labarinsa. Zacharias ya gano ranar mutuwarsa, daga nan duk shekara in ranar ta zagayo sai mu zauna mu biyu, mu saurari gefe guda, mu juya ɗayan, ba mai cewa uffan. Da aiki ya kawo mu Abuja, garmahonsa ya mutu mutuwar da ba ta gyaruwa, sai ya damƙa mini faifan amana.

Marigayin mai natsuwa ne. Bai taɓa fara magana da gaggawa ba. In allura ta sauka sai ya ce shhhh, kamar yayyafi a kan yashi, sannan busar ta taso a hankali. Bai taɓa katse ni da talla ba. Abin da ya faɗa a Kaduna shi ya faɗa a Abuja, bai sauya ba, abin da ba zan iya faɗa a kan mutane da yawa ba.

Yana da tabo guda. A shekarar 1978 muna cikin sauraro aka shigo da labarin an haifa wa Zacharias 'yarsa Margaret. Ya yi tsalle ya bugi tebur, allura ta ja layi a gefen farko. Tun daga ranar, in busar ta hau can sama, sai marigayin ya ce ƙas, ƙas, ƙas, sannan ya ci gaba.

A kula da wannan tabo, domin shi ne dalilin wannan sanarwa. Shekarun baya ɓarin jikin Zacharias ya shanye, bakinsa ya rufe, aka mayar da shi gida Sheda. Ba ya magana, sau da yawa ba ya ma duban wanda ya shigo. Amma duk shekara nakan ɗauki garmaho da faifan in je. Idan aka zo ƙas, ƙas, ƙas, tsohon nan yakan yi dariya da rabin bakinsa, ya nemi hannun Margaret. Dariyarsa ke nan ta shekara.

Rashin lafiyar marigayin gajeriya ce. Ina Bwari wajen wani aiki aka yi ruwa da hantsi, rufin ɗakina ya yi yoyo daidai kan akwatin fayafai. Wannan rufi na yi wa mai gidan da muke haya, Oga Nazir, maganarsa tun daminar bara. Ya ce in sha Allahu. Na lura wasu mutane sun mayar da wannan kalma mai daraja wurin ɓuya. Da rana ta fito, maiɗakina Sa'adiya ta yi abin da kowace macen kirki take yi wa abin da ya jiƙe: ta shanya. Katifa ta shanya, takarduna ta shanya. Ta zare marigayin daga kwalinsa, ta goge shi da gefen zaninta, ta hau turmi ta ɗora shi a kan kwano, inda rana ta fi kyau, kusa da barkononta. Na dawo da la'asar na same shi ya lanƙwashe kamar ganyen da ya ji wuta. Na ɗora shi a garmaho. Allura ta dinga hawa da sauka kamar mota a hanyar ƙauye, busar ta fito wuuu, wuuu, kamar kukan maye. Na kashe. Ba zan bar a tuna da shi a haka ba.

Tun ranar nake neman inda zan ajiye fushina. An koya mana cewa niyya ake dubawa, kuma niyyar Sa'adiya fara ce tas. Ita ce fa ta fito da wannan faifai a kanta ranar da katafila ta rushe tsohuwar unguwarmu, ta bar tukwanenta a ciki. Hannun da ya cece shi ne ya kashe shi, kuma da tausayi guda ya yi duka biyun. To wa zan tuhuma? In na yafe mata nan take, na mayar da amanar Zacharias ba komai ba. In na ƙi, na hukunta alheri. Na kwana biyar... a'a, ban ƙirga ba, na dai daɗe ina cin tuwonta ba tare da na ɗaga kai ba, ita kuma tana ajiye kwanon kamar mai tsoron ya yi ƙara.

Waɗanda ba ni da shakka a kan laifinsu su ne masu cewa in sauko da waƙar a waya. Na gwada. Tana nan, an wanke ta fes, domin na ji a can ƙasashen ana bikin cikarta shekaru, ana sake fitar da ita sabuwa. Busar ta hau sama ta wuce sumul. Babu ƙas. An ba ni kiɗan duniya baki ɗaya, an hana ni haihuwar Margaret.

Marigayin ya bar kwalinsa, wanda ya bushe lafiya lau. Ya bar garmaho da allura sabuwa. Ya bar ƙaninsa, wani faifan rok mai ihun jita wanda ban taɓa ƙauna ba, da yake can ƙasan akwati ko ɗigo bai taɓa shi ba. Mai hankali ya tafi, mai hayaniya yana nan. Wannan ma na kasa warware shi. Ya kuma bar tsoho guda a Sheda wanda har yanzu ba a gaya masa ba, kuma ina roƙon kada kowa ya riga ni.

Za a yi jana'iza ranar Asabar mai zuwa, ranar da mai busar ya bar duniya, a gindin mangwaron gidan Zacharias, bayan azahar. Ba za a yi wanka ba, ruwa ya riga ya yi aikinsa. Za a ajiye gawar a cinyar mai ita na asali. Za a kunna garmaho ya juya babu komai a kansa, ni zan rera busar da bakina iyakar abin da tsohuwar muryata ta iya. Idan na hau sama, Sa'adiya za ta buga cokali a bakin kofi sau uku. Ita ta nemi a ba ta wannan aiki, ta ce shekarun aurenmu duka tana jinsa daga madafa, ba za ta kuskure wurin ba. Idan tsohon ya yi dariya, na yafe mata a gaban kowa. Idan bai yi ba, zan yafe mata duk da haka, amma a ba ni lokaci.

Mai zuwa ya kashe wayarsa tun daga bakin hanya. Ba a buƙatar shinkafa ko goro. Oga Nazir ba a gayyace shi ba. Idan yana son yin ta'aziyya, ya zo gida da kafinta da sabon kwano.

Lawal Nababa, a madadin iyalan marigayin.