Yadda Za Ka Gina wa Surukinka Shafin da Ba Mai Iya Taɓawa Sai Kai

Surukinka yana da shagon kujeru da gadaje. Tun da ka auri 'yarsa bai taɓa neman shawararka a kan komai ba, ko gaisuwarka ma yana duba katako yake amsawa. Yau ya ce yana son shafin intanet na shagon. Damarka ce ta zo. Ka bi matakan nan, na lamunce maka rana ba za ta ƙara faɗuwa bai neme ka ba.

1. Ka kashe hanya mai sauƙi tun a tashin farko

Hanya biyu ce. Akwai manhajar da ake jan hoto da yatsa a ajiye inda ake so, a rubuta suna a ƙasa, shi ke nan. Ko Baba da gilashinsa zai gama kafin shayinsa ya huce. Akwai kuma rubuta kod, wato umarnin kwamfuta, da hannu, layi bayan layi, a baƙin allo. Ta farkon haɗari ce gare ka, domin mutumin da ya iya abu da kansa ba ya neman mijin 'yarsa.

Matarka za ta sa baki a gaban Baba: "Ba ga mai sauƙin nan ba? Da ita ƙawata ta yi na shagonta."

Ka yi dariyar tausayi ka ce, "Wannan ai wasan yara ne. Shagon Baba ya wuce nan."

Ka saci kallon Baba. Za ka ga ya gyara zama.

2. Ka yi aikin a inda za a gan ka

Kada ka yi a gida, a gida ba mai kallo. Ka je shagon, ka zauna a sabuwar kujera wadda ba a cire mata leda ba, ka ɗora kwamfuta a cinya. Ka ɗaure fuska, ka riƙa gyaɗa kai kana tsaki. In kafinta ya leƙo ya tambayi me ke gudu a allon, ka ce masa bayanin zai yi tsawo.

3. Ka ƙara abin da ba a nema ba

Baba hoton kaya da lambar waya kawai yake so. Kai ka sa kujera ta riƙa juyawa, gado ya riƙa shigowa daga gefe. In shafin ya ƙi buɗewa a wayarsa, ka ce wayar ce ta tsufa, kuma hotunanta ma ba za su shiga ba, kai za ka riƙa zuwa kana ɗauka.

4. Kada ka koya wa kowa

Zai tambaye ka, "To in an sayi gado, yaya zan cire hotonsa?"

Ka rusuna ka ce, "Ku dai kira ni, Baba."

Maganar za ta yi maka daɗi a baki. Ka ji daɗinta sosai yanzu.

5. Ka karɓi nasararka

Kiran farko zai sa ka tsaya ka nuna wa matarka allon waya. Abin da ka manta shi ne kayan shago ba sa zama. Yau kujera ta fita, gobe tebur ya shigo. Zai kira kana tsakiyar taro a ofis, zai kira kana wanka. Ranar da ka yi gaggawa ka goge waƙafi ɗaya, duk gadajen za su ɓace, kujera ɗaya ta rage tana ta juyawa ita kaɗai.

Ranar da matarka ta haihu, zai same ka a barandar asibiti ya dafa kafaɗarka, abin da bai taɓa yi ba. Idonka zai ciko da ƙwalla.

"Barka, barka," zai ce. "Ka zo da kwamfutar? Tebur mai gilashin nan ya fita."

6. Ka gwada guduwa

Wurin aiki za su ba ka ƙarin girman da ka daɗe kana nema, amma a wani gari. Matarka za ta je ta sanar da Baba, ta dawo ba fara'a.

"Baba ya ce wa zai riƙa ɗaukar hotuna?"

Sai ka je da kanka, ka zauna a ƙasa, ka sassauta murya. "Baba, dama akwai wata manhaja mai sauƙi. Da yatsa kawai za ku riƙa ja, ba sai kun jira kowa ba."

Zai cire gilashi ya dube ka da ƙauna ta gaske.

"Wasan yaran nan? Haba ɗana. Kai da bakinka ka ce shagona ya wuce nan."

Gargaɗi

Mai wannan rubutu ba shi da hannu a ƙarin girman da ya wuce ka, ko harara daga matarka, ko gabanka da ke faɗuwa duk lokacin da waya ta yi ƙara. Alkawarin da na ɗauka shi ne surukinka zai riƙa nemanka kullum, kuma na cika. Ka duba wayarka, ina jin an sayi wata kujerar.