Yadda Na Ƙirga Butar Surukina

Ko da zan manta ranar da aka miƙa min takardar kammala karatun jinya, ba zan taɓa mantawa ba da kwana shidan farko da surukina ya yi a gado na huɗu, a ɗakin maza na asibitin da na fara aiki a Potiskum. Shekaru kaɗan ke nan da ba mu Jihar Yobe, ni kuma wata bakwai da aure, wata biyar da kama aiki. Idan ka gan ni a lokacin cikin farar riga, agogo maƙale a ƙirji, ina taku ɗai-ɗai, sai ka rantse ni na haifi asibitin. (Allah Ya yafe mana ƙuruciya.)

Abin da ya fi kumbura min kai shi ne darasin sanin magunguna, don ni na zo ta ɗaya a ajinmu. Kuma tambayar da ta ɗaga ni a jarrabawar a kan magunguna biyu ce. Ɗaya allura ce mai kashe ƙwayoyin cuta, sunanta jentamaisin, ƙoda ce ke fitar da ita daga jiki ta hanyar fitsari. Ɗayan kuma furosamaid, mai tatse ruwan da ya taru a jikin mutum, wanda jama'a ke ce wa maganin sa fitsari. Kowanne a cikinsu yana iya taɓa kunne, in kuwa aka haɗa su sai an sa ido sosai. Da zarar fitsari ya ragu, allurar sai ta taru a jini ta ci ƙoda, ta ci kunne, kuma kunnen da ta ci ba ya dawowa. Saboda haka aikin nas biyu ne: ta auna fitsarin majinyaci kullum, ta kuma tambaye shi ko yana jin ƙara a kunne. Shafi biyu na cika da wannan bayani. Malaminmu har karanta wa aji ya yi, ina zaune ina wani sunkuyar da kai na ƙarya.

Surukina kuwa, Baba nake ce masa, ban taɓa kama sunansa ba, kuma ba yau zan fara ba. Asalinsu mutanen Barno ne, yana da rumfar huluna a kasuwa, gidansa na unguwar Hausari. Amma ba da hula aka san shi ba, da kunne aka san shi. Shekara wajen talatin shi ke tsayawa bayan liman a masallacin unguwa, in liman ya yi tuntuɓe a karatu, ko da wasali ɗaya ne, Baba zai gyara masa a hankali. Da azumi mutane kan ce muddin yana sahun gaba, liman ya ja doguwar sura hankali kwance.

Tun da aka kai ni gidan ban taɓa haɗa ido da shi ba. Daga bakin ƙofa nake durƙusawa in gaishe shi, ya amsa yana kallon carbinsa, "Lafiya lau, 'yata. Allah Ya yi albarka." Iyakar hirarmu ke nan. Ban taɓa cin ko gyaɗa a gabansa ba. Haka aka tarbiyyantar da ni a gidanmu na unguwar Yerimaram, kuma dangin mijina suna yaba min a kan haka, ni kuma ina jin daɗin yabon.

To, sai ga shi an kawo Baba asibiti da zazzaɓi da tari, numfashi sama-sama, ƙafafu sun kumbura suntum. Likita ya duba ya ce ƙwayar cuta ce ta kama huhu, zuciya kuma ta gaza har ruwa ya taru. Ya rubuta magunguna, a cikinsu har da biyun nan nawa na jarrabawa, ya ce a riƙa auna fitsari ana rubutawa. Shugabar ma'aikatan jinyarmu, Metiron Asabe, wata 'yar Karai-Karai da ba ta san wasa ba, ta ja ni gefe.

"Na ji an ce surukinki ne. Za ki iya, ko in ba wata?"

Da na san ciwon kaina da na ce a ba wata. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Amma surukata na tsaye tana ce wa 'yan dubiya, "Ai 'yarmu na nan, ba mu da damuwa." Sai na ce wa Metiron, "Haba, ai ubana ne. Wa zai kula da shi kamata?" Har abokan aikina na gaya wa su bar min takardar awonsa, ni zan riƙa cikewa.

Ranar farko na ɗauko robar awo sabuwa fil, na nufi gadonsa. Ina isa na durƙusa na gaishe shi. Ya amsa. Na buɗe baki zan ce, "Baba, a nan za ka riƙa yin..." sai kalmar ta maƙale min a wuya kamar ƙayar kifi. Ni? In dubi uban mijina in ambaci wannan abu? Wallahi ji na yi gara ƙasa ta tsage in shige. Na tura robar ƙarƙashin gado, na ce, "Allah Ya ƙara sauƙi," na tashi sumsum.

Daga nan Shaiɗan ya kawo min dabara, ni kuma na ɗauke ta hikima. Na lura Baba yakan sauko daga gado, ƙanensa ya riƙe shi, ya ɗauki butarsa su zagaya baya. Sai na ce ai shi ke nan, ba sai na tambaya ba. Daga teburina nake hange: buta ta fita, in ja layi ɗaya. Ta sake fita, in ja na biyu. Da yamma in ƙiyasta abin da dattijo mai shan maganin sa fitsari zai yi a kowane zuwa, in haɗa, in rubuta da kyakkyawan rubutuna. (Rubutuna yana da kyau, wannan kam ko maƙiyina ya sani.) Sau shida, sau bakwai buta ke fita a yini. Har daɗi nake ji, ina cewa magani yana aiki.

Abin da ban tsaya na tuna ba, alhali a gidan nake, shi ne Baba mutum ne da ba ya zama babu alwala. Ya yi gyangyaɗi, sai ya sabunta. Zai taɓa Alƙur'aninsa, sai ya sabunta. Alwalar bawan Allah nake ƙirgawa ina rubuta ta a matsayin fitsari.

Alamu kuwa sun zo, ni ce na ƙi gani. Rana ta huɗu na gaishe shi sau biyu bai amsa ba, na ce lazimi yake. Ya riƙa jijjiga ƙaramar rediyonsa yana cewa batir ya yi sanyi, mijina ya sayo sabo, washegari ya sake cewa ya yi sanyi. Na ga fuskarsa ta ɗan tasa, na ce kwanciya ce. Kullum kuma da hannuna nake zuƙo allurar nan in ba wani abokin aikina namiji ya yi masa, don ko wannan ba zan iya ba.

Rana ta shida da hantsi likita ya zo zagaye, Metiron na biye da shi, ni ina rungume da takardu. An yi rashin sa'a 'yan uwa sun cika gefen gadon: surukata, mijina, ƙanen Baba, da dattawa biyu daga masallaci. Likitan ɗan kudu ne, Hausarsa ba ta wuce gaisuwa ba. Ya danna ƙafar Baba, yatsa ya lotsa. Ya dubi fuskarsa, ya dubi takardata, ya sake duban ƙafar. Ya ce da Turanci mutumin da ke fitar da ruwa haka bai kamata ya ƙara kumbura ba.

Metiron ta matso bakin gadon. Ta sunkuya ta jawo robar awo daga ƙarƙashin gado. A bushe take ƙayau, takardar kanti ma na manne a jikinta. Ta ɗaga ta sama yadda kowa zai gani.

"Sista, da me kika auna?"

Na sunkuyar da kai ina kallon takarduna.

"Na ce da me kika auna?"

"Da... da buta, Metiron."

"Da buta." Ta maimaita a hankali, ta gyaɗa kai. "To, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Matsa ki tambaye shi yanzu, da bakinki, likita na jira."

Na matsa. Na durƙusa, na ce cikin raɗa, "Baba, wai... kana yin fitsari?"

Ya dube ni, ya ci gaba da jan carbinsa.

Na ɗan ɗaga murya na sake. Ya karkato kai, ya sa hannu a bayan kunne. "Na'am, 'yata?"

"Ɗaga murya!" in ji Metiron.

Na rufe ido na kwarma ta da iyakar ƙarfina: "Baba! Kana yin fitsari?"

Wani tsoho manomi daga Nangere da ke gado na bakwai, can nesa, ya ɗago ya ce, "Ni dai na yi sau uku, Sista." Wani ya fara dariya ya haɗiye ta. Surukata ta ja mayafi ta rufe fuska, mijina ya juya yana kallon bango. Amma ni a lokacin kunyar ta riga ta bar ni, tsoro ya maye gurbinta. Na tabbata mutumin gado na bakwai ya ji ni tun a karo na biyu. Baba, da ke jin kuskuren wasali daga bayan liman, sai da na yi ihu a gefen kunnensa.

Ya sunkuyar da kai ya ce, da Hausarsa mai gardin Barebari, "Kwana uku ke nan, sai ɗan ɗigo. Kunnuwan kuma kamar ana ruwa a kan rufin kwano."

Ƙanensa ya ce da ƙarfi, "Yaya, me ya hana ka faɗa?"

"In faɗa wa wa? 'Yata ce fa." Sannan ya dubi Metiron. "Hajiya, kada ku yi mata faɗa. Yarinya ce mai kunya. Laifina ne."

Da zagina ya yi da ya fi min sauƙi. Nan na fashe da kuka, cikin farar rigata, da agogona a ƙirji, a gaban majinyata ashirin da wani abu.

Likita ya tsayar da allurar nan take, ya sauya wata, aka ɗebi jini. Metiron ta ɗauke ni daga ɗakin maza, ta rubuta rahoto a kaina, kuma ta yi daidai. A ofishinta abu ɗaya ta faɗa min: "Kunyarki ki bar ta a ƙofar asibiti tare da mayafinki. In kin tashi aiki ki ɗauki abarki." Allah Ya taimaka ƙodar Baba ta farfaɗo, bayan mako biyu aka sallame shi. Kunnen hagu ya tafi gaba ɗaya, na dama kuma ɗan ji kaɗan ya rage masa. Likita ya ce mai yiwuwa ko an auna da an ɗan samu matsala, ga shekaru, ga ciwo. Na gode masa, amma na san abin da na rubuta a shafi biyun nan.

Azumin shekarar, mijina ya dawo daga asham ya zauna bai taɓa abinci ba. Da na matsa masa ya ce Baba ya ja hannun wani ya tsayar da shi a bayan liman, shi kuma ya koma ƙarshen sahu. Babu wanda ya ce masa ya matsa, shi ya matsa da kansa. Ban taɓa jin baƙin ciki irin na ranar ba.

Shekara tara ya ƙara a duniya, bai taɓa tayar da maganar ba, ko sau ɗaya. Ni na ci gaba da kula da magungunansa na zuciya, kuma duk safiya sai na shiga har ɗakinsa, na durƙusa dab da kunnen dama, na yi tambayar nan da ƙarfin da maƙwabta ke ji ta katanga. Wani lokaci yakan yi murmushi ya ce, "A hankali, 'yata, ai sai ki ba ni kunya," sannan ya ba ni amsa dalla-dalla.

Yanzu ɗalibai in sun zo koyon aiki wurina, na san suna gulmata, wai Sista ba ta da ta-ido, ko hakimi aka kwantar sai ta tambaye shi fitsarinsa a gaban fadawa. Su yi ta faɗa. Ni na san abin da ta-ido ta ci. Tambayar da na kasa yi da raɗa sau ɗaya, sai da na yi shekara tara ina yin ta da ihu.