Rasuwar Na'urar Kwafar Faifan Baban Yara

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da ɗan guntun mutuncin da ya rage masa, Baban Yara yana sanar da rasuwar na'urarsa ta kwafar faifan CD, wadda ta cika a kan teburin falo, kusa da talabijin.

Marigayiyar baki biyu gare ta, amma ba ta taɓa gulma ba. A ɗaya ake sa faifan asali, a ɗayan sabo, ta kwashe na can ta zuba nan ba ragi ba ƙari. Iyakar maganarta "ƙirrr, ƙit", sai ta miƙo faifai. A zamanin da yaro ke amsa wa ubansa idonsa na kan waya, wannan ita ce tarbiyya.

Ita ta yaɗa nasihohin da maigidanta ya naɗa da muryarsa a kan ƙarya, barcin safe da askin banza. 'Ya'ya da surukai kowa ya samu nasa, kowa ya dawo yana cewa ya ƙaru. Babban suruki har ya ce nasihar ƙarya ta sa shi hawaye a mota.

Jinyarta ta fara da ƙin buɗe baki sai da cokali. Rannan ta yi warin ƙonewa, ta yi shiru.

Kewa ta sa Baban Yara ya shiga motar surukin don ya ji muryar kansa. Faifai ya juya, ko tari babu. Surukin, idonsa a kan sitiyari, ya ce ai akwai maɓallin rufe faifai da ake dannawa bayan kwafa, in ba haka ba faifan ba ya magana sai a cikin na'urar da ta haife shi. Baban Yara, da ya koya wa kansa komai, bai taɓa ganin dalilin tambayar kowa ba. Maɓallin yana nan sabo fil. Duk gidan sun san da shi, har uwargida.

Na'urar ta rasu ta bar kwali guda na bebayen fayafayai, da rimot mara murfi, da dattijo ɗaya da ya shekara da shekaru yana yi wa roba wa'azi.

Za a sa ta a kwalinta, a ɗora saman kabad ranar Asabar da hantsi. Ba a karɓar uzuri. Bayan nan maigida zai maimaita nasihohin da bakinsa daga farko, kuma wayoyi za su zauna a kwando bakin ƙofa. Kujerar gaba ta babban suruki ce.